Jini a ruwan bayan bakwaini: nazarin wani lamari daga Damagaram

An kawo yaron daga wani ƙauye na ɓangaren Miriya cikin watan Janairu, hunturu na kaɗawa. Uwarsa ba ta cika shekara 20 ba, cikin fari ne, kuma bisa lissafin karnenta na awo cikin bai wuce mako 30 ba. Naƙuda ta taso mata da dare. Kafin a samu mota a kai ta asibitin karkara, kan ɗa ya riga ya sauko, don haka ba ta samu allurar dekzametazon da ake yi wa mai shirin haihuwar bakwaini ba. Ungozoma ta karɓi haihuwa, majo ya yi wa jaririn allurar bitamin K ya rubuta takarda, aka taho da shi Damagaram naɗe cikin zannuwa a kan cinyar kakarsa. Na sakaya sunan iyalin da garinsu da asibitin da aka kwantar da shi.

Nauyinsa da isowa giram 1,300, zafin jiki digiri 34.8, kewayen kai santimita 27.5. Yana nishi, haƙarƙari na lotsawa in ya ja numfashi. Aka ɗumama shi, aka sa masa oksijin da ruwan sukari ta jijiya, aka fara magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ampisilin da jentamisin, kamar yadda ake yi wa bakwainin da ya zo a irin wannan hali, aka ƙara da kafeyin saboda ɗaukewar numfashi. Kwana biyun farko sun wuce ba wani abin tayar da hankali, har an fara ba shi nonon uwarsa da aka tatse ta robar hanci.

A rana ta uku da la'asar sai mai jinya ta ga ya yi fari fat, jiki ya saki, numfashi na ɗaukewa sai an shafa bayansa ya dawo. Maɗigarsa, wadda da safe take kwance, ta ciko. Hemogulobin, wato awon ƙarfin jininsa, da ke giram 16 a desilita ranar da ya zo ya sauko 11. Sukarin jininsa daidai yake. Cibiya ba ta zubar da jini, babu jini a kashi, babu a abin da aka zuƙo daga cikinsa. Idan jinin bakwaini mai kwana uku ya ragu haka kuma ba a ga inda ya bi ba, cikin kai ake fara zargi.

Dalili kuwa yana cikin halittar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. A tsakiyarta akwai ramuka masu ruwa, manyan biyu dama da hagu, kuma a gindin bangonsu akwai wani nama mai tarin ƙananan jijiyoyin jini inda ake ƙera sabbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin nan bangonsu siriri ne, ba su da abin da ya tokare su. Naman yana fara ja da baya wajen mako 32, kafin cikar wata tara ya kusan ɓacewa, shi ya sa wannan zubar jini ta fi addabar wanda aka haifa ƙasa da mako 32 ko wanda bai kai giram 1,500 ba. Bugu da ƙari, bakwaini mara lafiya ba ya iya daidaita jinin da ke hawa kansa: in hawan jini ya tashi ko ya faɗi, haka zai isa ga waɗannan jijiyoyi ba shamaki. Sanyi, wahalar numfashi, ƙarancin oksijin, girgizar mota a hanyar ƙauye, ruwan jijiya da aka tura da sauri, duka suna cikin abin da ke jawo fashewarsu. Kusan rabin irin wannan zubar jini na faruwa a ranar farko, kusan kashi 90 cikin 100 kuwa cikin kwana ukun farko. Yaron nan ya haɗa kusan dukkan sharuɗɗan.

Sai dai a Damagaram, in ma'aikacin lafiya ya ga maɗiga ta ciko, sankarau ne ke fara faɗo masa a rai, kuma yana da hujja. Muna tsakiyar yankin da cutar ke yawo duk rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar nan tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023. Sankarau ɗin jarirai ƙwayoyinsa daban ne da na annoba, amma alamunsa a bakwaini su ne dai waɗannan: sakin jiki, ɗaukewar numfashi, ƙin abinci, cikar maɗiga. Ido kaɗai ba ya raba su. Abin da ke rabawa cikin minti kaɗan shi ne hoton eko ta maɗiga, wanda ake ɗauka a gefen gado ba tare da an motsa yaro ba. A wannan makon na'urar da ke da ƙaramin kan da ya dace da maɗiga tana wani sashe, ba ta ɗaukuwa, shi kuma yaron ba ya jure a cire shi daga oksijin a ratsa tsakar asibiti da shi cikin wannan iska. Aka ƙara masa jini a hankali, aka ƙara wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, sefotakzim, a kan awon da ake ba mai sankarau, aka jira numfashinsa ya daidaita kafin a ɗebi ruwan bayansa, wato ruwan da ke gangarowa daga ramukan ƙwaƙwalwa ya kewaye laka.

Ɗibar ruwan baya ta farko

Uwar, da yake ɗan fari ne, ba ta ko ɗaga kai in ana maganarsa. Kakar ce mai magana, kuma da ta ji batun ruwan baya sai ta dafe ƙirji.

"Likita, wannan ɗan tsurut ɗin za ku soka wa allura a baya? A garinmu an ɗebi na wani yaro, bai ƙara takawa ba."

"Inna, ciwon da ya sa aka ɗebi ruwan ne ke nakasa yaro. Allurar tana shiga ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma abin da za mu ɗiba bai cika ƙaramin cokali ba. In sankarau ne, gara mu sani yau."

Ta ce sai an kira ubansa. Aka kira shi a waya, ya ce a yi abin da ya dace, Allah ya sa a dace. Wannan tsoro na ruwan baya ya yaɗu a ƙasar Hausa, kuma ban ga laifin masu shi ba: yaran da ake ɗibar ruwansu su ne waɗanda ciwo ya fi yi wa tsanani, wasu su rasu, wasu su tashi da nakasa, sai a ɗora wa allura. Zama a yi bayani da harshen da kaka za ta gane yana cikin aikin, kamar wanke hannu.

Aka yi a rana ta huɗu. Aka kwantar da shi a gefe, aka lanƙwasa ƙugu kaɗan ba tare da an danne wuya ba, don lanƙwasa wuyan bakwaini na toshe masa numfashi. Allura ta shiga a karo guda. Ruwan ya ɗigo ja, aka tara a ƙananan kwalabe uku. Na farko ja, na biyu ja, na uku ma launinsa bai sauya ba, kuma da aka ajiye su bai daskare ba. A labo aka juya shi a injin tacewa, jajayen ƙwayoyi suka kwanta a ƙasa, ruwan sama ya fito rawaya. Fararen ƙwayoyi 60 a milimita kubik, jajaye sun fi ƙarfin ƙirge, furotin giram 2.8 a lita, sukari giram 0.45 a lita alhali na jini 0.75. Da aka rina aka duba a madubin labo ba a ga ƙwayar cuta ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sakamako yana nuni da zubar jini a kai, kuma kowane ɗaya yana da wata fassarar.

Jan ruwa shi ne mafi rauni a cikinsu. Bayan jariri wuri ne ƙunci, jijiyoyin jini sun kewaye shi, allura kan huda ɗaya daga cikinsu sau da yawa ko a hannun ƙwararre. An koya mana cewa jinin allura yakan yi ta raguwa daga kwalba ta farko zuwa ta uku kuma yakan daskare, na cikin kai kuwa launinsa ɗaya ne kuma ba ya daskarewa. Wannan yana taimakawa, amma ba abin rantsuwa ba ne, musamman da yake ɗigo kaɗan ake samu a kowace kwalba. Rawayar ruwan sama a babban mutum hujja ce mai ƙarfi, domin tana nuna jinin ya jima a ciki har ya fara narkewa ya zama bilirubin, sinadarin da ke sa rawayar shawara. A bakwaini mai kwana huɗu kuwa, shawara kaɗai na iya rina ruwan baya, kuma yaronmu a ranar yana ƙarƙashin fitilar shawara. Furotin ma haka: na bakwaini lafiyayye yakan haura giram 1 a lita, jini kuma na ƙara shi, sankarau ma na ƙara shi. Fararen ƙwayoyi 60 sun haura abin da aka saba gani a jariri, amma wasunsu tare da jinin suka shigo, kuma lissafin da ake yi na cire farar ƙwaya ɗaya a kan kowace jajaye 500 zuwa 1,000 ba shi da tabbas a jarirai. Rashin ganin ƙwayar cuta, da rashin tsirowarta bayan an shuka ruwan a labo don a ga ko za ta yaɗu, bai wanke shi daga sankarau ba tunda ya kwana huɗu yana shan magani.

Akwai kuma ɗaya gefen da ake mantawa. Da ruwan ya fito fari tas, da hakan bai nuna babu zubar jini ba. In jinin ya tsaya a cikin naman gindin bango bai fasa cikin rami ba, babu abin da zai gangaro baya.

Wannan ba sabon sani ba ne. Kafin ƙarshen shekarun 1970, ruwan baya da alamun jiki su ne abin da likitocin jarirai ke dogaro da su ko'ina. A 1978 Lu-Ann Papile da abokan aikinta a Amurka suka ɗauki hoton sikana na kan jarirai 46 da ba su kai giram 1,500 ba, suka tarar da zubar jini a 20, kuma da yawansu babu wanda ya zarge su da ita. Daga wannan aiki aka samu matakai huɗun da ake amfani da su har yau: na ɗaya jinin na cikin naman bango, na biyu ya shiga rami bai buɗa shi ba, na uku ya cika ramin har ya buɗa, na huɗu naman ƙwaƙwalwar da ke gefe ya taɓu. Ba da jimawa ba eko ta maɗiga ya karɓi aikin, don ba ya buƙatar a ɗauki yaro kuma ba shi da hasken da ke cutarwa.

A rana ta shida yaron ya samu ƙarfin da za a kai shi wurin eko. Aka sa shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, aka lulluɓe su, mai jinya na biye da tulun oksijin. Hoton ya nuna gudan jini a ramukan biyu, na hagu ya cika fiye da rabi kuma ya buɗe. Mataki na uku. Naman ƙwaƙwalwar da ke kewaye bai nuna tabo ba. Abin da aka kwana biyu ana jayayya a kansa da kwalabe uku, hoto ya warware shi kafin man da aka shafa a maɗigar ya bushe.

Sukarin da ya faɗi

Wurin da ruwan baya ya fi rikita mutane ya zo daga baya. A rana ta 12 ɗaukewar numfashi ta dawo, yaron ya rage kuzari, aka sake ɗiba. Wannan karon ruwan ya fito ruwan ƙasa-ƙasa mai rawaya. Fararen ƙwayoyi 110, furotin giram 3.6, sukari kuwa 0.12 alhali na jini 0.80. Duk wanda ya yi aiki lokacin annobar sankarau, in ya ga wannan takarda ba tare da ya ga yaron ba, zai ce ƙwayoyin cuta ne suka cinye sukarin, maganin bai kama ba, a sauya a ƙara mako uku. An faɗi hakan a zagayen safe, kuma ba maganar banza ba ce, domin jinin da ya kwanta a rami na iya zama mazaunin cuta.

Amma sananne ne cewa bayan jini ya zuba a ramukan ƙwaƙwalwar jariri, sukarin ruwan baya kan faɗi ƙasa ƙwarai, yawanci daga kwana 5 zuwa 15, kuma yana iya zama a haka makonni ba tare da wata cuta ba. Jinin da ke narkewa yana fusata bangon ramukan, fararen ƙwayoyi su taru, furotin ya hau, shigar sukari daga jini zuwa ruwan ta ragu. Hoton takarda ya zama na sankarau sak.

Mai aikin labo ya yi abin da ya fi taimakawa a ranar. Ya shimfiɗa abin da ya kwanta a gindin kwalba, ya rina, ya zauna a kansa. Ya ga manyan ƙwayoyin nan masu share datti, wasu sun haɗiye jajayen ƙwayoyi ɗungurungum, wasu cikinsu cike da ɗigo-ɗigo masu duhu na ƙarfen da narkakken jini ke bari. Masu ɗigon ƙarfen ba sa bayyana sai jini ya kwana uku ko huɗu a wurin, saboda haka allurar yau ba za ta iya haifar da su ba. A cikin duk abin da labo irin namu ke iya gani a ruwan baya, wannan ne na fi amincewa da shi a matsayin shaidar tsohon jini, kuma ba ya cin komai sai rini da haƙuri. Ƙwayar cuta ba a gani ba, shuka ba ta tsiro ba, awon CRP na jini, wanda ke hawa in cuta ta kama jiki, sau biyu a jere bai tashi ba. Hemogulobin ne ya sake sauka, kuma da aka ƙara masa jini numfashin ya daidaita. Aka bar maganin ya cika mako biyu aka tsayar, ba a sauya ba.

A ganina wannan shawara ta yi daidai. Tsawaita irin waɗannan magunguna a bakwaini ba kyauta ba ne: yana buɗe ƙofa ga cutar fangas da ruɓewar hanji, jentamisin na iya taɓa ƙoda da ji, jijiyoyin hannu da ƙafa na ƙarewa. Tun 2006 dokar Nijar ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma zaman jinya na mako uku yana nufin abinci, kuɗin mota, da gidan da aka bari babu mace.

Masu bincike a waje sun daɗe suna neman alamomin da suka fi waɗannan kaifi a cikin ruwan. A 1999 Andrew Whitelaw da abokansa a Biristol ta Ingila suka nuna cewa wani sinadari mai suna TGF-β1, mai sa jiki yin tabo, ya fi yawa a ruwan jariran da ramukansu suka buɗe bayan zubar jini. A 2001 masu bincike a Suwidin suka samu ƙarfen da bai ɗaure da furotin ba a ruwan irin waɗannan jarirai, ƙarfen da ke ƙona naman ƙwaƙwalwa mai tasowa. Ƙungiyar David Limbrick a Jami'ar Washington da ke St. Louis ta nuna cewa furotin ɗin da ake kira APP da L1CAM suna hawa a ruwan baya in taruwar ruwa ta biyo bayan zubar jini, kuma yawan APP na tafiya da girman ramukan. Aiki ne mai daraja. Sai dai a lura da abu guda: jariran da aka auna ɗin nan, hoto ne ya riga ya nuna zubar jininsu. Abin da ake nema da alamomin shi ne a san wanda ruwa zai taru masa da lokacin da ya kamata a shiga tsakani. Har yanzu a ɗakin bincike suke, ba su zama awon yau da kullum ba ko a ƙasashen da aka gano su. Duk mai neman abin da zai saya wa sashen jarirai a Damagaram, ƙaramar na'urar eko mai ɗaukuwa da horar da mutum biyu ko uku a kanta ita ce a gaba, da nisa.

Kai da tef ɗin awo

Abin tsoro bayan mataki na uku shi ne taruwar ruwa. Gudajin jini da tabon da suke bari suna toshe hanyoyin da ruwan ke bi ya fita, kamar yadda yashi ke toshe magudana da damina, ruwa ya koma baya ramukan su yi ta buɗewa. Ramukan kan fara buɗewa kwanaki kafin kai ya nuna a waje, shi ya sa aka riƙa maimaita eko kowane mako ana auna faɗin ramin a kan ma'aunin da Malcolm Levene ya fitar a 1981. Kullum da safe kuma ana zagaya kan da tef, a wuri ɗaya, a rubuta. Kan bakwaini lafiyayye na ƙaruwa kimanin santimita 1 a mako. A mako na uku na yaron ya ƙaru da fiye da 2, maɗiga ta yi tauri, gaɓoɓin ƙashin kai suka fara rabuwa har yatsa na jin tsagin.

Aka ɗebi ruwan baya don rage matsi, kimanin mililita 10 a kan kowane kilo, aka maimaita bayan kwana biyu, sannan sau ɗaya kuma. An san cewa yawan ɗiba ba ya hana wanda zai buƙaci tiyon kai, wato siririyar robar da ke kwashe ruwan daga kai zuwa ciki, buƙatarsa, kuma kowace huda na iya shigar da cuta, don haka aka tsaya a kan niyyar sayen lokaci kawai, aka kuma sanar da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa tun da wuri. Ba a ba shi magungunan rage ruwa, asetazolamid, wanda aka fi sani da Diamox, da furosemid ba. Babban gwajin da aka buga a 1998 ya nuna haɗin nan bai rage buƙatar tiyata ba, nakasa ma ya ƙara, amma har yanzu ana ganinsa a takardun magani na yara masu babban kai, kuma ya kamata a daina.

Bayan ɗiba ta uku girman kan ya koma kan hanya, ramukan suka tsaya ba su ƙara ba. Ba kowa ke samun haka ba. Wasu sai an sa musu tiyo daga kai zuwa ciki.

Zan so a ce uwar ta iso asibiti kwana guda kafin haihuwa. Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2020, wanda aka yi a Bangaladash, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan, ya nuna dekzametazon miligiram 6 kowace awa 12 har sau huɗu, ga mai cikin mako 26 zuwa ƙasa da 34, yana rage mutuwar jarirai a asibitocin da ke iya kula da bakwaini, kuma an daɗe da sanin irin wannan allura na rage zubar jini a kai. Kawo ɗa yana cikin uwarsa ya fi kawo shi a zane.

An sallame su yana da giram 1,900, yana kama nono da kansa, uwar ta iya goyon ƙirji dare da rana. Aka nuna wa kakar yadda ake taɓa maɗiga yaro na zaune ba ya kuka, aka ce in ta ciko, ko ya fara amai, ko idanunsa suka riƙa kallon ƙasa farin sama ya bayyana, kada a shafa komai a kai, kada a kai wa wanzami, a taho. Majon garinsu ya karɓi awon kai duk mako biyu yana rubutawa a karne.

A wata shida, in an cire makonni goman da ya rigaya, kansa na bin layinsa, yana bin fuska da ido, yana dariya, yana riƙe wuya. Ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu tauri kuma hannun dama ya fi zama a dunƙule, abin da ya dace da ɓangaren hagun da jinin ya fi yawa. An haɗa su da masu gashin ƙashi da motsa jiki, an koya wa uwar atisayen da za ta riƙa yi masa a gida, an rubuta masa awon ji saboda jentamisin da shawarar da ya yi. Zai dawo a wata tara a duba zamansa da yadda yake miƙa hannun dama.